Ku Tambaya Mu Amsa: Tsara Ɗakin Daidaita Ji Domin Yara Masu Buƙata Ta Musamman

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu guda suke, wato ɗakin nan da makarantu ke warewa domin yaran da haske, ƙara, taɓi ko motsi ke yi musu yawa ko kuma ba ya isar su. Akwai masu lalurar otizim da ake kira galahanga, akwai masu shanyewar gaɓɓai, akwai waɗanda gani ko jinsu ya raunana. A ƙasar Holan aka fara irin wannan ɗaki cikin shekarun 1970, inda Jan Hulsegge da Ad Verheul suka gwada shi a cibiyar De Hartenberg, aka san shi da suna Snoezelen. Ga tambayoyin da amsoshinsu.

Wata shugabar makaranta ta rubuto: An ba mu ɗaki guda mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, kuɗin hannunmu kuma ba su taka kara sun karya ba. Me za mu fara saye?

Malama, ki riƙe kuɗin tukuna. Aikin farko takarda da biro ne. A ɗauki mako biyu malaman aji suna lura da kowane yaron da zai shiga ɗakin, a rubuta masa abu biyu: me yake gudu, me yake nema. Wannan yana toshe kunne in an ja kujera, wancan yana tauna wuyan rigarsa, wata ba ta yarda a taɓa mata kai, wani kuma yana juyi kamar ba ya jin jiri. A tambayi iyaye ma, domin sun ga abin da makaranta ba ta gani ba. A tuna kuma kafofin ji ba su tsaya a biyar ɗin da aka saba lissafawa ba. Akwai na daidaiton jiki da ke can cikin kunne, akwai wanda ke sanar da mutum inda gaɓɓansa suke ta hanyar tsoka da mahaɗar ƙashi, akwai na jin abin da ke faruwa cikin jiki kamar yunwa, ƙishirwa da matsuwar fitsari. Wani abin da ake kira rashin jin magana a wajen waɗannan yara daga waɗannan ukun yake iya tasowa. Wannan takardar ce za ta gaya miki abin da za a saya.

Bayan haka, kaso mafi tsoka na kuɗin a jikin ɗakin zai tafi, ba a kayan ƙyalli ba.

Fara da sauti. Ki tsaya a tsakiyar ɗakin babu kowa, ki tafa sau ɗaya. Idan kin ji tafin yana dawowa yana zagaye, ɗakin na da amsa-kuwwa, kuma yaron da ƙara ke damu ba zai natsu a ciki ba ko da an cika shi da kayan duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada hayaniyar da ke cikin aji ta wuce desibel 35, kada kuma sauti ya wuce kusan kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa kafin ya mutu. A Ingila, ɗakunan yara masu matsalar ji da magana ana neman su sauka zuwa kashi 4 cikin 10. Maganin amsa-kuwwa shi ne allunan shan sauti masu kaurin santimita 5 a silin da bango biyu da ke maƙwabtaka da juna, sai labule mai nauyi da shimfiɗa mai laushi. Amma a bambanta abu biyu da ake yawan haɗawa. Soso yana rage amsa-kuwwar cikin ɗaki, ba ya hana ƙarar waje shigowa. Abin da ke tare ƙarar waje shi ne nauyi da toshe kafa: ƙofa mai ƙarfi wadda ba kwali ne a cikinta ba, roba a gefenta da ƙasanta, da like duk wani tsagi a jikin taga. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya yin ko ɗaya daga cikin aikin biyu yadda ya kamata, ga shi da saurin kama wuta. Idan da hali, a zaɓi ɗakin da ba ya jingine da filin wasa, wurin cin abinci ko injin bayar da wuta.

Sai haske. Dole a iya mayar da ɗakin duhu da rana tsaka, a kuma iya ƙara haske a hankali. A cire tsohon dogon ƙwan fitila mai ƙugi, domin yana ƙyaftawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa, wasu yaran kuma suna jin abin a jikinsu ko da malami bai lura ba. A sa fitila mai haske mai ɗumi-ɗumi, ta kelbin 2700 zuwa 3000 a ma'aunin launin haske, wadda ake rage mata ƙarfi, a juya ta tana haska bango ko silin. Yaron da ke kwance a rigingine silin yake kallo, bai kamata ƙwan fitila ya faɗa masa cikin ido ba. Fenti ya zama launi ɗaya mai sanyi marar sheƙi. Zane-zanen bango a bar su a aji.

Ɗakin da aka like aka rufe labulensa yana saurin ɗaukar zafi da cunkushewa, don haka a tanadi hanyar shiga da fitar iska wadda ba ta ƙara tun kafin a like tagogi.

Ƙofa ta kai santimita 90 a faɗi saboda keken guragu, babu dandamali a bakinta, tana buɗewa zuwa waje, da ɗan gilashin leƙe a jikinta. A bar fili mai faɗin mita 1.5 inda keke zai juya. Wutar lantarki kuwa, soket ya hau sama inda hannun yaro ba ya kai ko ya shiga akwati mai makulli, kayan da yaro zai taɓa su kasance masu aiki da ƙaramar wuta ta bolt 12 ko 24, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara yoyo, mai miliamfa 30. Kowane abu da makunninsa daban, sannan a bakin ƙofa a sa makunni guda da zai kashe komai ya dawo da fitilar yau da kullum nan take. Wannan shi ne abin da muka fi ba muhimmanci a duk tsarin: malami ya iya fara zama da ɗaki shiru babu abin da ke kunne, ya kunna abu ɗaya, ya ga yadda yaro ya karɓe shi, kafin ya ƙara wani.

Abin da ya rage na kuɗi ya isa a sayi katifa mai rufin da ake gogewa, kujerar buhu mai laushi, ɗan tanti ko lungu mai labule, madubin roba marar fashewa, da kabad mai rufi da za a ɓoye ƙananan kaya. Rabin ƙasan ɗakin a bar shi fili.

Wani malami ya ce: A ajina akwai yaron da ba ya zama, kullum tsalle da karo da bango, akwai kuma yarinyar da ko ƙarar fanka ke sa ta kuka. Ɗaki ɗaya zai ishe su?

Zai ishe su, Malam, amma ba a lokaci ɗaya ba. Yaron nan jikinsa yana neman aiki mai nauyi: ture bango, jan igiya, ɗaukar buhun yashi mai kilo 1 ko 2 daga wannan kusurwa zuwa waccan, rarrafe ta cikin bututun yadi, faɗawa kan katifa mai kauri. Irin wannan aikin da ke matsa tsoka da mahaɗar ƙashi yakan kwantar da yara irinsa. Ita kuwa yarinyar, ɗaki take so da aka rage masa komai, haske kaɗan, babu kiɗa, da lungun da za ta shige ta ja labule.

Idan ɗakin ya kai, a raba shi gida biyu da labule mai nauyi, ɓangaren motsi kusa da ƙofa, ɓangaren natsuwa can ciki. Idan bai kai ba, a raba da jadawali, a kwashe kayan wancan kafin wannan ta shigo. Minti 15 zuwa 30 ya wadatar wa zama ɗaya, babba ɗaya da yaro ɗaya, ko yara biyu zuwa uku idan buƙatarsu iri ɗaya ce. A ware minti biyar na ƙarshe domin sauka: a kashe kaya ɗaya bayan ɗaya, a ƙara haske sannu-sannu, a nuna wa yaro hoton ajin da zai koma. Fito da yaro daga duhu kai tsaye zuwa farfajiya mai hayaniya yana rushe duk abin da aka gina a minti ashirin.

Wata malama ta tambaya: Wani mai tallafa mana ya kawo fitilu masu walƙiya kala-kala. Muna da yara biyu masu farfaɗiya. Za mu iya amfani da su?

Kada ki kunna su sai an tantance. Ba kowane mai farfaɗiya ne haske ke tayar masa da ita ba. Kusan 3 cikin 100 ne, amma abin ya fi yawa a tsakanin yara da matasa, kuma wani yaron ba a sanin yana da shi sai ranar da ya faɗi. Ƙyaftawa sau 3 zuwa 30 a daƙiƙa ita ce mafi haɗari, jan launi mai ƙarfi ya fi sauran launuka tayar da ita, haka ma zane mai ratsi-ratsi na fari da baƙi, musamman idan yana motsi. A cikin duhu haɗarin ƙaruwa yake yi, domin bambancin haske da duhun ya fi kaifi.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: fitilar da ke sauya launi a hankali, tana narkewa daga wannan zuwa wancan cikin daƙiƙoƙi, a riƙe ta. Wadda ke walƙiya a mayar wa mai ita da godiya. Idan fitila tana da maɓallin walƙiya a cikin zaɓinta, a toshe shi yadda yaro ba zai danna ba. A duba wasu wurare biyu da ake mantawa. Fankar sama da ke juyawa a ƙarƙashin ƙwan fitila tana yanka hasken ta mayar da shi walƙiya. Fitila mai arha kuma takan fara ƙyaftawa idan aka rage mata ƙarfi. Ki ɗauke ta a bidiyo da wayarki a tsarin tafiyar hawainiya, idan kin ga hoton yana rawa ko baƙaƙen layuka suna wucewa, a sauya ta.

A nemi bayanin likitan kowane yaro a rubuce. Idan walƙiya ta zo ba zato, a rufe wa yaron ido ɗaya da tafin hannu gaba ɗaya a juyar da shi. Runtse ido biyu kawai ba ya tare ta. Idan kuma ya faɗi, a duba agogo, a kawar da abin da zai buge shi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a cusa masa komai a baki, kada a danne shi, a kwantar da shi ta gefe idan jijjigar ta lafa. Ta wuce minti 5, a nemi taimakon gaggawa.

Wani mai kula da gine-ginen makaranta ya ce: An ce in rataya lilo a silin. Ƙugiya nawa zan sa, kuma a ina?

Malam, wannan wuri ne da ake iya samun rauni mai tsanani a irin waɗannan ɗakuna, don haka a bi shi da tsanaki. Silin ba ya ɗaukar lilo. Sai dai kankaren da ke samansa ko ƙarfen da ginin ya dogara a kai, kuma injiniyan gini ne zai duba ya ce ga wurin. Idan ginin ba shi da irin wannan, a ƙera firam na ƙarfe mai tsayawa da ƙafafunsa. Dalili shi ne, yaro mai kilo 30 idan yana lilo yana tsalle a kai, ƙarfin da yake ja da shi ya ninka nauyinsa, ga kuma malamin da wani lokaci zai hau tare da shi. Shi ya sa da yawa daga masu ƙera irin wannan lilo suke neman maƙalin da zai ɗauki kimanin kilo 450.

Ƙugiyar ta kasance zobe rufaffe da aka ƙera a dunƙule. Wadda aka lanƙwasa daga sandar ƙarfe tana buɗe baki a hankali har wata rana ta saki. Tsakanin zoben da igiya a sa majuyi mai juyawa da kansa, in ba haka ba juyin yaro zai riƙa kwance notin kaɗan-kaɗan ba tare da kowa ya sani ba. A bar tazarar kusan mita 1.8 daga lilon zuwa kowane bango ko kaya, a shimfiɗa katifa mai kaurin aƙalla santimita 5 a duk wannan filin ba tare da giɓi tsakanin katifu ba. Ka lissafa za ka ga a ɗaki mai mita 5 da 4 lilon ya cinye kusan duka. Saboda haka ya zama mai cirewa: a rataya lokacin aiki, a sauke a kulle da an gama. Kowane mako a duba inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, a duba ɗinki da igiya, a rubuta ranar.

Ga malaman da za su yi amfani da shi: lilo gaba da baya, a hankali kuma bai-ɗaya, yana kwantar da jiki. Juyi da sauri yana tayar da shi, kuma tasirinsa na iya kai sa'o'i bayan an sauka. Kada babba ya juya yaro; a bar ƙafarsa tana taɓa ƙasa ya tsayar da kansa. Yawancin waɗannan yara ba za su ce jiri nake ji ba, sai a karanta a jikinsu: zufa ta keto a goshi, leɓe ya koɗe, hamma ta yi yawa, ido ya yi nauyi, ko dariya ta wuce kima. Da an ga ɗaya daga ciki a tsaya, a ba shi aikin ture bango ko matsa ƙwallo. Yaro mai lalurar Down, saboda wasunsu suna da sakin ƙashin wuya na sama, da yaron da aka sa wa bututun janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, ba a sa su tsalle, alkafura ko juya kai ƙasa sai da izinin likita.

Wata uwa ta ce: Na ga ana lulluɓa wa yara bargo mai nauyi. Yana da lafiya?

Wasu yaran suna son sa, amma yana da sharuɗɗa masu tsauri. A 2008, a lardin Kebek na Kanada, wani yaro ɗan shekara 9 mai otizim ya rasu a makaranta bayan an naɗe shi cikin irin wannan bargo. Don haka: ba a naɗe yaro, ba a rufe masa kai, ba a barin sa shi kaɗai, kuma dole ya iya ture bargon da kansa. Nauyin kada ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin yaron, wato kilo 2.5 ga mai kilo 25, kada kuma a wuce minti 20. Yaro mai matsalar numfashi, ciwon zuciya, farfaɗiya ko sanyin tsoka mai tsanani, a nisanta shi da shi. Ƙaramin filo mai nauyi da ake ɗorawa a cinya ya fi aminci.

Wani uba ya rubuto: Makarantar ɗana ta ce wannan ɗaki zai warkar da shi. Gaskiya ne?

Malam, ba zai warkar da otizim ba, kuma bai kamata a yi maka wannan alkawari ba. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana cewa hujjojin bincike kan irin waɗannan hanyoyi ba su da yawa kuma ba su yanke hukunci ba, ta ce a yi amfani da su a matsayin ɓangare na cikakken shiri, a riƙa auna ko suna amfani. A kuma san cewa horon daidaita ji da Jean Ayres ta Amurka ta assasa, wanda ta yi bayaninsa a littafinta na 1972, aiki ne na ƙwararren da aka horar, yaro ɗaya da mai horo ɗaya. Zama a ɗaki mai fitilu ba shi ne wannan horon ba.

Abin da ɗakin ke iya yi na gaske ne: ya ba yaro wurin da jikinsa zai huce, ya koyi cewa idan ya danna nan abu zai faru can, ya zaɓi abu da kansa, ya haɗa ido da malaminsa. Ka nemi makarantar ta zaɓi manufa guda da ake iya ƙirgawa, misali minti nawa yake zama kan aiki bayan ya koma aji, ko sau nawa yake cizon hannunsa a yini. A ƙirga mako biyu kafin a fara, a ci gaba da ƙirgawa mako shida bayan an fara. Idan ba a ga sauyi ba, a sauya tsarin. Lokacin ɗakin kuma kada ya cinye na koyon magana ko karatu.

Wata malama ta ce: Idan yaro ya fara ihu da jifa, sai mu kai shi ɗakin mu rufe har ya yi shiru. Daidai ne?

Ba daidai ba ne, Malama, muna roƙo a daina. Rufe yaro shi kaɗai killacewa ce, ko da ɗakin ya sha ado. Ɓarnar kuma iri biyu ce: wani yaron zai tsani ɗakin har abada, wani kuma zai gane cewa jifa ce hanyar samun lilo, sai jifar ta ƙaru. A sa lokacin shiga cikin jadawali, kafin sa'ar da aka san abin ya fi tasar masa. A koya masa ya nemi hutu da kati mai hoto tun yana cikin hayyacinsa. Idan abin ya riga ya ɓaci, babba ya shiga tare da shi, a kashe komai, a rage magana, ƙofa kuma ba a kulle ta.

Tambaya ta ƙarshe daga wani mataimakin malami: Ruwan bututunmu mai kumfa, wato dogon bututun nan mai haske da yara ke kallon kumfa na tashi a cikinsa, ya zama kore, ƙananan kayan wasan kuma kullum a bakin yara. Ya za mu yi?

Ruwan ya yi kore ne saboda ya daɗe kuma hasken rana yana kai masa. A zubar, a wanke cikin da burushi mai dogon hannu, a cika da tataccen ruwa marar gishirin ƙasa, a sa maganin da kamfanin ya ba da shawara, a riƙa sauya shi duk bayan mako 4 zuwa 6. Ruwan da ya daɗe yana tara ƙwayoyin cuta, kumfar kuma tana watsa su cikin iskar da yara ke shaƙa. Ka tabbata bututun yana ɗaure da bango ta sama, domin yara suna rungumar sa.

Duk abin da zai shige ta ramin da faɗinsa ya kai kimanin santimita 3 zai iya shaƙe yaro, a fitar da shi. Abubuwa uku kuwa kada su shiga ɗakin sam: ƙananan ƙwallayen nan masu kumbura a ruwa, waɗanda ke toshe hanji idan an haɗiye, ƙananan maganaɗisu, da kayan wasa masu batir mai kama da maɓalli idan murfinsa ba a ɗaure yake da sukuru ba, domin wannan batir yana ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i biyu. Igiyoyin haske, wato siraran zaren nan masu haskawa da yara ke taɓawa, babu wuta a jikinsu, amma suna iya naɗe wuya, kuma a duba bakinsu ko an tauna. Turare da man ƙamshi kada a fesa su a iska saboda masu asma. A ɗiga a ƙyalle, a ajiye a kwalba mai murfi, wanda yake so ya buɗe ya shinshina. Abin taunawa kowane yaro da nasa a akwati mai sunansa, katifu kuma a goge su da maganin kashe ƙwayoyin cuta marar ƙamshi bayan kowane zama, a bari su bushe kafin yaro na gaba ya shigo.